Allon Muhsina da Tayoyin Surajo

Ƙarar babur ɗin Surajo takan riga shi isowa unguwarmu. Tun yana wajen tasha kaji suke watsewa, dattawan da ke zaune a inuwar dogonyaro su tsayar da hira har ya wuce, sannan su ɗora, wannan karon a kansa. Babur ne babba, ja, mai faffaɗan tanki, irin wanda aka ƙera domin doguwar tafiya a kan kwalta mai kyau, a ƙasashen da ake gyara kwalta. Ya saye shi da abin da ya samu a harkar zinariya a Anka. Tun ranar da ya hau shi ya daina sauka idan zai gaida manya. Yatsu biyu yake ɗagawa ya wuce, manyan kuma su amsa da fara'a, kamar an yi musu kyauta.

Surajo ɗan Kawu ne, yayan Inna, saboda haka taubashina ne. A wurinmu duk abin da taubashi ya faɗa wa taubashinsa wasa ne. Idan na ce masa hularsa ta yi kama da akurkin kaji, dariya za a yi. Idan na ce masa ɗakinsa ya kama wuta, dariyar za a fara yi kafin wani ya leƙa. Na daɗe ina jin daɗin wannan al'ada, domin ita kaɗai ta ba ni damar faɗa wa Surajo abin da nake gani a tattare da shi ba tare da an kira ni mahassadi ba. Sai a daminar bara na gane cewa ita ce kuma ta toshe kunnen kowa daga duk maganar da zan yi a kansa.

Sunana Abdulmalik. Na karanta injiniyanci a jami'a a Sakkwato, na yi hidimar ƙasa, na dawo Gummi ina jiran aikin da bai san ina jiransa ba. Surajo yana kirana Injiniya-ba-inji. Sauran mutane sukan tuna da karatuna ne idan wayarsu ta ƙi kunnuwa.

A daminar nan ƙanwata Muhsina ta sauke Alƙur'ani. Aka yi mata allon zayyana, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya sauke a gidanmu: Fatiha da farkon Baƙara a tsakiya da rubutu mai kauri, kewaye da zane ja da rawaya da kore, layi cikin layi, har ido ya rasa inda aka faro. Mai zayyanar ya daɗe a kansa, tun faɗuwar ruwan farko yake yi. Tawadar irin ta gida ce, wadda ake haɗawa da ƙaro. Kowa ya san halinta. Tana da kyau, kuma ba ta jure ko ɗigon ruwa.

Mutum ɗaya aka yi wa allon nan a gaskiya: kakanmu Malam Arzika, mahaifin Inna, wanda ke zaune a Adabka. Shi ya rubuta wa Muhsina allonta na farko tana ƙarama, kuma a zamaninsa shi ma mai zayyana ne da ake zuwa wurinsa daga nesa. Yanzu ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, idanunsa kuma suna rufewa a hankali. Yana ganin launi da manyan haruffa idan an kawo su dab da fuskarsa, amma ba ya gane fuskar wanda ya kawo. Ya aiko da saƙo a kai masa allon ya gani tun yana iya gani. Muhsina ta ji saƙon. Daga ranar sai na riƙa ganinta tana ɗaga zanen da aka rufe allon da shi tana dubawa, kamar mai tsoron launin zai gudu.

Mota ba ta shiga Adabka da damina sai idan mai ita ya gaji da ita. Abin da hankali ya nuna shi ne a ɗauki Muhsina a ƙaramin babur ɗin da marigayi Baba ya bari, wanda ya san hanyar fiye da ni. Na faɗi haka a tsakar gida. Inna ta ajiye faifan da ke hannunta.

"Ɗiyata ta yi sauka, in kai ta garin ubana bisa wanga ƙwarangwal? Ga mashin ɗin Surajo? Mi mutane za su ce?"

"Za su ce ta iso lafiya, Inna."

"Kai dai Surajo na ba ka so. Tun kuna ƙanana."

Da wannan aka rufe magana. A gidanmu idan aka gano dalilin da ya sa ka faɗi abu, an huta da duba abin da ka faɗa.

Tayoyin da babur ɗin ya zo da su sun riga sun cinye, ta baya har zare ya fara leƙowa. Surajo ya sa Junaidu, mai sayar da kayan babura a bakin tasha, ya kawo masa wasu daga Legas. Junaidu ya kawo iri biyu domin ya zaɓa. Ranar da suka iso Surajo ya tsaya a ƙofar gidanmu yana murɗa maƙogwaron babur har na fito.

"Taho, Injiniya-ba-inji, yau dai ka yi ma dangi amfani. Akwai Turanci jikin tayoyi, ka karanta muna."

Na je. Ban je don shi ba.

Junaidu ya mirgino su waje, ya jingina su da benci. Na farkon sababbi ne, baƙaƙe marasa ƙyalli, da tsagogi masu zurfi da suka taso daga tsakiya suka karkata zuwa gefe. Na biyun na hannu ne, sun fi faɗi, sumul suke kamar bayan ƙwarya, da ɗan zane kaɗan kamar an ja da farce. Na danna na farkon da babban yatsa, robar ta lotsa ta dawo. Na danna na biyun, na ji kamar ina danna ƙahon sa.

"Waɗannan za ka saka," na ce, na dafa sababbin. "Domin irin babur ɗinka aka yi su, da irin tafiyarka. Tsakiyarsu da tauri, don kada kwaltar da ke tsakanin nan da Anka ta cinye su da wuri. Gefensu da laushi, don su kama ƙasa idan ka kwanta a kwana. Tsagogin nan kuma hanyar ruwa ce. Idan ka taka ruwa ta nan yake fita, roba ta samu ta taɓa ƙasa."

"Ji Hausar rediyo," in ji Surajo ga mutanen da suka fara taruwa. "To, wa'annan hwa?"

"Na filin tsere ne. Sai sun ɗauki zafi suke riƙo, a busasshiyar kwalta mai tsabta. Kuma an gama cin amfaninsu tun a can, robar ta ƙone ta bushe. Taɓa ka ji."

Bai taɓa ba. Ya ja baya, ya karkata kai, ya dube su yadda ake duban yadi a kanti.

"Junaidu, wacce ta hi kyau ga hoto?"

Junaidu mutum ne da bai taɓa saɓa wa mai saye ba tun da ya buɗe shago. Ya dubi fuskar Surajo ya karanta amsar a can.

"Haba Alhaji. Wagga ai ta 'yan tsere ta, ta manya. Waccan mai tsage-tsage, kowane ɗan kabu-kabu na da mai kama da ita."

"Ka ji? In sa taya mai jiki awa bayan kada, a ɗauka ni ma haya nika yi?"

"Surajo, ba wasa nake yi ba. Ko waɗanda na zaɓa ɗin ma ba na laka ba ne, sai da lallaɓawa za su kai ka Adabka. Waɗannan kuwa, ranar da suka haɗu da ruwa za su kayar da kai."

Wurin ya kece da dariya. Wani mai faci ya buga cinya yana cewa taubasai ke nan, ba a shiga tsakaninsu. Laifin nawa kaɗan ne: na manta cewa "ba wasa nake yi ba" ita ce maganar da kowane taubashi yake buɗe wasansa da ita. Surajo ya sa aka ɗaura masa na tseren.

Abin da ya fi ci mini rai a hanyar komawa gida shi ne Surajo ba wawa ba ne. Mutum ne da ba ya sayen dutse a Anka sai ya fasa shi, ya jiƙa, ya juya shi a rana, ya duba cikinsa. Ba a taɓa cutarsa a dutse ba. Amma abin da zai ɗauki ransa da ran wani a kan faɗin roba da bai fi tafin hannu ba, wannan sai ya tambayi hoto. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Garin gaba ɗaya haka yake so a yi masa. Mu ne muke barin leda a kan sirdin babur har ta yage don kanta, domin a san sabo ne.

Ranar tafiya an yi ruwa da asuba, ya ɗauke da hantsi. Mata sun cika gida, ana ta kai da kawo da kwanonin waina. Surajo ya iso cikin farar shadda, babur ɗin a wanke, tayoyin suna walƙiya kamar an zuba musu ruwan gilashi. Na durƙusa na shafa. Yatsana ya dawo baƙi, yana warin kananzir.

A aljihun gefen babur ɗin akwai gorar roba da tsumma. Baƙin mai ne da aka sirka da kananzir, abin da wasu masu wankin mota suke gogawa a gefen taya don ta yi ƙyalli. A mota ba ya cutar da kowa, domin tayar mota tana da bango a gefe wanda ba ya taɓa ƙasa har ta mutu. Tayar babur kuwa a zagaye take. Idan babur ya karkata a kwana, gefen nan shi ne yake tsaye a kai. Surajo ya ga ana yi wa motocin manya, ya yi wa nasa, bai bar ko'ina ba.

"Mai ka shafa wa taya?"

"Kwalliya ta, baƙauye. Ba a koya muku ba jami'a?"

Na bar shi, tunda magana da shi ba ta isa ko'ina. Na nufi Inna a gaban matan.

"Inna, kada Muhsina ta hau. Wallahi babur ɗin nan zai faɗi."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya, domin ba taubashina na faɗa wa ba, kuma ranar tafiya ce. Wata gwaggo ta fara salati.

"Tohar da miyau, Abdu!" in ji Inna. "Ranar tahiya kaka yi muna wanga baki? Tohar, nac ce!"

Na tofar da yawu a ƙasa, kamar yadda ake sa wanda ya furta mugun abu ya yi don ya janye shi. Matan suka sauke numfashi. An kawar da haɗarin. Tayoyin suna nan yadda suke, suna ɗigar da mai a ƙofar gida.

Muhsina ce kaɗai ta dube ni da kyau. Ta matso kusa, cikin sabon hijabinta.

"Yaya, da gaske kake?"

"Da gaske nake."

Ta dubi Inna, ta dubi matan da suka riga suka shirya guɗa. Sai ta shiga ɗaki ta fito da manyan ledoji, ta naɗe allon ciki da kyau, ta ɗaure da tsinken roba. Iyakar abin da aka bar mata ta zaɓa ke nan a ranar da ake cewa tata ce. Ta hau bayan Surajo, ta rungume allon. Na ɗauki Inna a babur ɗin Baba, muka bi su.

A kan kwalta Surajo ya ɓace mana. Rana ta fito, hanya ta bushe, man da ke tsakiyar tayoyin ya goge da kansa. Muka same su a mararrabar da ake barin kwalta, yana jingine da babur yana ɗaukar kansa hoto.

"Ina hwaɗuwar, Injiniya? Ko tana tahe bayanku?"

Daga nan jar ƙasa ta fara, wadda ruwan asuba ya mayar da ita kunu. Babban babur ɗin ya zama abin tausayi. Tayar baya tana juyawa a banza tana watsa laka, Surajo ya sauke ƙafafu biyu yana tafiya kamar agwagwa, farar shaddar ta koma ruwan ƙasa har gwiwa. Wasu manoma da ke wucewa a kan ƙananan baburansu, da buhunan taki a baya, suka riƙa yi masa sannu suna kewaye shi. Duk inda hanya ta yi muni Muhsina takan sauka ta ɗora allon a ka, ta bi gefen gona da ƙafa. Inna a bayana sai addu'a take yi ƙasa-ƙasa.

Haka muka yi ta rarrafe har rana ta kusa tsakiya. Na fara yarda za mu isa. Na fara shirya yadda zan jure dariyar da za a yi mini har ƙarshen shekara, na kuma ga cinikin ya yi mini daidai.

Kafin a shiga Adabka ta wannan gefen akwai ɗan rafi. An zuba siminti a ƙasansa domin a riƙa hayewa, ruwa yana bi ta kai, bai fi idon sawu ba. Hanyar tana gangarowa ne ta karya kwana daidai inda simintin ya fara. A ƙetare muna hango jama'a, dangi da ɗaliban Malam da matan unguwa, an fito tarye.

Surajo ya tsaya a bayan wata tsamiya inda ba a ganinmu. Ya sauka ya zagaya babur ɗin yana tsaki.

"Ba ni shiga gari haka."

Ya naɗe ƙafar wando, ya ɗebo ruwa daga kwarin gona ya wanke lakar. Sannan ya ciro gorar nan da tsumma. Ya durƙusa a gaban tayar gaba, ya goge ta a hankali, gefe da gefe, da irin natsuwar da ban taɓa ganinsa da ita a sallah ba. Ya koma ta baya. Da ya gama sai ya miƙe ya duba aikinsa.

"Buɗe allon, Muhsina," in ji Inna. "Allon sauka ba a shiga da shi gari a ruhe. Bari mutanen ubana su gani."

"To ta haye da ƙafa," na ce. "Rafin kawai. Ta sake hawa a can."

"Ta shiga da ƙahwa awa wadda ta zo roƙo?"

"To ba ni allon in riƙe."

"Kai kay yi saukar?" Inna ta nuna ni da yatsa. "Abdu, in kas sake buɗe bakin ga yau, ni da kai ne."

"Bar shi, Gwaggo," in ji Surajo yana dariya. "Injiniya, wuce gaba ka ɗauke mu bidiyo. Shi na aikin da ka iya."

Muhsina ta kwance ledojin. A cikin hasken rana allon ya fito da wani irin kyau da ban gani ba a ɗaki. Ta hau, ta juya fuskarsa waje, ta riƙe shi da hannu biyu a ƙirjinta. Wato ba ta riƙe da komai a jikin babur ɗin ke nan.

Ya fara gangarawa a hankali. Da ya ci gaba a haka, wataƙila da ya haye. Amma aka hango su, wata mata ta rangaɗa guɗa, sauran suka karɓa, ɗalibai suka fara kabbara. Na ga kafaɗun Surajo sun miƙe. Ya murɗa, injin ya yi ruri, ya kwantar da babur ɗin cikin kwanar yadda yake gani ana yi a waya.

Ba a ji ƙarar birki ba. Tayar gaba ta taka jiƙaƙƙen siminti da gefenta, ta tafi abinta kawai. Babur ɗin ya kwanta ya zame kamar faranti.

Muhsina ta faɗi ta gefe, a kan gwiwar hannu. Na gani da idona, ba ta saki allon ba. Tana kwance cikin ruwa ta ɗaga shi sama da hannu ɗaya, bai taɓa rafin ba. Amma babur ɗin yana kwance kusa da ita, injin bai mutu ba, tayar baya tana juyawa rabinta cikin ruwa. Ta yi ta feso mata ruwa da laka, a fuska, a hijabi, a kan allon, har na isa na kashe makulli.

Mazan da suka rugo, babur ɗin suka fara ɗagawa. Wani yana tambaya ko fitilar ta fashe.

Inna ta shigo ruwan da zanenta, ta karɓe allon. Ta ga laka a kan ayoyin, ta yi abin da duk wanda ya tashi a gidan malamai zai yi kafin ya yi tunani: ta sa gefen mayafinta ta share. Sau ɗaya ta ja. Ja da kore da rawaya da baƙi suka bi mayafin suka zama launi guda, irin na ruwan wanki.

Surajo ya miƙe yana ɗingishi, shaddarsa tana zuba. Ya dubi jama'a, ya dube ni. Ban taɓa raina saurin ƙwaƙwalwarsa ba.

"Bakin Abdulmalik na!" ya ce da ƙarfi. "Tun Gummi yaka kiran hwaɗuwa. Ku tambayi Gwaggo. Ni da nit taho tun daga kwalta cikin laka ban hwaɗi ba, sai nan ga ruwan da bai kai idon sawu ba?"

Aka juyo gare ni. Wani dattijo ya girgiza kai ya ce baki ai ba abin wasa ba ne. Inna tana riƙe da allon, hawaye na zuba, ta ce, "Sau nawa nac ce ka yi shiru?" A kan ruwan, daga inda babur ɗin ya kwanta, wani shimfiɗaɗɗen maiƙo mai launin bakan gizo yana bin rafi yana tafiya. Ya wuce ta tsakanin ƙafafunsu. Ba wanda ya dubi ƙasa.

Malam Arzika yana zaune a kan buzu a cikin zaurensa, an sa masa rawani. Ya ji guɗa, bai ji abin da ya biyo baya ba. Da muka shiga ya ɗaga kai wajen motsinmu.

"Ina amaryar tawa? An ce ta zama malama, ta hi ƙarhin tsoho. Taho in gani ko har yanzu kina so na."

A da Muhsina takan rama, ta ce ta samu saurayi mai haƙora. Yau ta durƙusa kawai, hannunta yana jini ta cikin hijabi, ta miƙa masa allon. Ya karɓa da bisimilla, ya kawo shi dab da fuskarsa. Ya daɗe. Ya karkata shi dama, ya karkata shi hagu.

"Hasken ga bai isa ba. Ku kai ni bakin ƙohwa."

Aka ɗaga shi da buzun aka kai shi inda rana take faɗowa. Ya sake dubawa, ya goge idanunsa da gefen rawani, ya sake. Sannan ya sauke allon a kan cinyarsa a hankali.

"Ashe idon ya ida tahiya," ya ce. "Jiya ma ina ganin ja. To. Alhamdu lillahi."

Na dubi Inna. Ta sa yatsa a leɓe, ta zagaya da ido kan kowa, ta tsayar a kaina. Zauren cike yake da 'ya'yansa da jikokinsa da ɗalibansa, kuma duk sun yarda, cikin ƙiftawar ido, cewa gara tsohon ya ɗauka ya makance da a ce masa babur ɗin Surajo ya faɗi a gaban jama'a.

"Ba idonka ba ne, Malam," in ji Muhsina. "Faɗuwa muka yi a rafi. Allon ne ya wanke."

Ya juyo wajen muryarta. Ya shafa fuskar allon da tafin hannu, ya ji danshi. Ya kai shi hanci.

"Wanga allo na warin kananzir."

Daga bakin ƙofa Surajo ya fara bayanin baki da yadda yake kama mutum. Malam bai juya ba. Ya ce a kawo masa ƙwarya mai tsabta da ruwa. Da hannunsa ya wanke abin da ya rage na tawadar a ciki, don kada ta zuba inda ake takawa, ya miƙa wa Muhsina allon fari fat.

"A sake wani," ya ce. "Ki kawo mini."

Muka koma Gummi kafin la'asar, domin ba a bin hanyar idan rana ta yi sanyi. Muhsina ta hau bayana ba ta tambayi kowa ba. Inna ta samu wani ɗan kabu-kabu.

Labarin ya riga mu isa, kuma a siffar da Surajo ya ba shi. Har yau a haka yake. Tayoyin nan suna ƙarƙashinsa har suka fashe don kansu a hanyar Anka, ya sa Junaidu ya kawo masa irinsu. Ni kuwa na samu matsayin da digiri bai ba ni ba. Idan wani a unguwa zai yi tafiya, matarsa takan aiko mini da goro da gaisuwa, a roƙe ni in yi shiru.

Mai zayyana yana da gona, kuma akwai alluna a gabansa. Bai gama namu ba sai bayan an yanke gero. Na ɗauki Muhsina a babur ɗin Baba, allon cikin leda, ba guɗa, ba mai tarye. Rafin ya ƙafe, muka haye a kan busasshen siminti.

Malam ya karɓi allon, ya kawo shi dab da fuskarsa, ya nemi a kai shi bakin ƙofa. Aka kai shi. Wannan karon allon lafiyarsa ƙalau, ya ma fi na farko kyau. Ya daɗe yana juya shi a cikin rana. Daga baya ya miƙa hannunsa na dama cikin iska, Muhsina ta kama.

"Aza mini yatsa ga ja," ya ce. "Daga nan ki bi da ni."